Jinjina ga Baba Bilya, Mai Gyara Daga Nesa

"To wa ka tura kibiyar ga? Ga hannun yarinyar ga duka biyu kan jinjiri."

"Ni na, Inna. Ai na yi sallama kahin in shigo."

"Sallama ta waya ka yi. Shigowar ta ina?"

"Ta cikin kwamfutar."

Inna Asibi ta ɗan ja baya a kan tabarma, ta gyara ɗaurin kallabi, ta sake leƙa fuskar kwamfutar da aka ɗora a kan kujerar tsakar gida. Kibiyar ta zagaya ita kaɗai, ta buɗe wani abu, ta rufe.

"Bilya, kai kana Yelwa, mu muna Warra. Ko in aika a kira malamin unguwa?"

"Aika, Inna. In yana da data ya zo da ita, taku ta kusa ƙarewa."

Khadijat, 'yar Inna Asibi, ta ce ta yi dariya a ranar har sai da jaririn ya farka. Ta zo wankan jego ne ɗakin mahaifiyarta, kuma wannan ita ce ranar da Benjamin Illo ya haɗa ƙaramar kwamfutarta da babbar kwamfutar wurin aikinta da ke Yelwa, domin ta ci gaba da aiki daga gida. A kan wannan haɗi aikinta ya kusa kuɓuce mata, kuma shi ne gyara na ƙarshe da Benjamin ya yi kafin ya ajiye sana'a. Zan kai ku can. Amma bari ku fara sanin mutumin.

A gida da coci sunansa Benjamin. Kasuwar Yelwa ta mayar da shi Bilyaminu, ta gaji da tsawon sunan ta rage shi Bilya, furfura kuma ta ƙara masa Baba. Duk wanda ka kira, zai juyo. Kowace safiya, kafin masu albasa su gama sauke buhuna, za ka gan shi a kan tsohon babur ɗinsa, da fulas ɗin kunun da matarsa Rahila ta rataya masa. Shagonsa ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya, tagar tana kallon hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Yakan fara da goge fuskar sola da tsumma, ya kunna kwamfutocinsa, ya zuba kunu a murfin fulas. Sau da yawa kunun nan sai ya huce bai kai shi baki ba, domin wayarsa ta riga ta fara ƙara.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Yana zaune a Yelwa, sai fuskar wata kwamfuta da ke Shanga ko Birnin Yauri ta bayyana a kan tasa, ya riƙa sarrafa ta kamar tana gabansa. Ko kuma ya shirya wa ma'aikaci hanya, yana gida ya buɗe kwamfutar ofis ya yi aikinsa. Faɗa da baki yana da sauƙi. Wahalar tana kan hanya: sabis ɗin waya da ke zuwa yana komawa, da rauta, wato ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ke raba intanet ga na'urorin gida ko ofis, da kalmar sirri da aka manta, da kwamfutar da ke yin barci da kanta in an daɗe ba a taɓa ta ba. Tambayarsa ta farko ba ta canzawa ko wane ne ya kira: "Akwai wuta?" Mutane suna jin haushin tambayar. Rabinsu kuma sai ka ji sun ce, "Dakata, Baba, in duba."

Da gyaran rediyo ya fara. Daga nan ya koma keken buga rubutu, daga can kwamfuta. Shekaru masu yawa da ƙafarsa yake zuwa duk inda aka kira shi, jakar kayan aiki a kafaɗa, rabin tafiyar a cikin kwalekwale. Duk wanda ya san babban tafkin nan da Yelwa ke bakinsa ya san yadda yake da damina, in iska ta taso, ga kututturan itatuwa da ke kwance a ƙarƙashin ruwa ba mai ganin su. Masu sayar da kifi a bakin ruwa har yau suna ba da labarin Rahila, yadda takan zo ta tsaya da lema a hannu, ba ta sayen komai, ba ta magana da kowa, idonta a kan ruwa sai jirginsu ya dungura ƙasa. Wata rana hadari ya riske su a tsakiya, suka iso da kyar, kowa a jiƙe. Tana nan tsaye a bakin ruwa, ta karɓi jakar daga kafaɗarsa. A wannan shekarar ya zauna ya koyi gyara daga nesa, furfura ta riga ta fara fito masa. Na karanta labaran soyayya da yawa, na yi wa wasunsu kuka, amma ban ga wanda ya kai wannan ba: mutum ya koma ɗalibi da girmansa domin kawai matarsa ta daina tsayuwa a bakin ruwa.

Shaidunsa suna da yawa. Malam Sani, shugaban wata makarantar kuɗi a Shanga, ya ce akwai lokacin da Baba Bilya ya gargaɗe su ta waya kada su bari kwamfutar ofis ta yi barci, domin zai shiga ya yi aiki da rana. Masinjan makarantar ya ji, ya ɗauko rediyonsa ya ajiye a gefenta ya ƙure murya. Da aka gaya wa Baba Bilya, bai yi wa mutumin dariya ba. Ya ce a ba shi waya, ya gode masa da ƙoƙari, sannan ya bi da shi a hankali har masinjan ya kashe barcin da hannunsa. Malam Sani ya ce tun daga ranar mutumin nan ya zama shi ne mai kula da kwamfutar, kuma ba ya yarda kowa ya zauna kusa da ita da kofin shayi.

Mu koma kan Khadijat. Tana aiki ne a kantin Alhaji Maliki, mai sayar da magani a sari. Daga kantinsa ake ɗaukar kwalaye ranar kasuwa, a loda su a jirgin ruwa, a rarraba wa ƙananan kemis da ke tungayen masunta da ƙauyukan tsallake. Khadijat ce ke tsara abin da kowane kemis ya nema, ta ware maganin da ya kusa lalacewa, ta buga takardun da ke bin kowane kwali. Manhajar da take yin wannan da ita a cikin kwamfutar kantin kaɗai take zaune. Ita ce mace ta farko a gidansu da ta zauna a kan kujerar ofis, kuma ba da sauƙi ta kai can ba. Da ta haifi ɗanta na fari, Inna Asibi ta zo da kanta ta tafi da ita Warra, ta kuma faɗa wa kowa cewa ko ƙofar gida mai jego ba za ta leƙa ba sai ta yi arba'in.

Alhaji Maliki mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Bai so ta bar aiki har kwana arba'in ba, amma Baba Bilya ya ce masa ya bar masa wannan. Ya shirya hanya mai kulle tsakanin Warra da kantin, yadda Khadijat kaɗai ke da mabuɗinta. A can gidan kuma sabis ba ya shiga ɗaki, sai Inna Asibi ta riƙa sa wayar da ke ba kwamfutar intanet a cikin ƙwarya, ta ɗora a kan rufin rumbu. Kwanakin farko abin gwanin daɗi. Khadijat tana danna maɓalli a Warra, firinta tana tofo takarda a Yelwa, ma'aikata suna taruwa kallo.

Sai abin ya lalace. Da safe hanya lafiya lau, amma safiyar mai jego ba tata ba ce: ga wankan ruwan zafi, ga kunun kanwa, ga 'yan barka da ke shigowa ɗaya bayan ɗaya. Sai rana ta take, gida ya yi tsit, jariri ya yi barci, sannan take samun zama. Tana fara aiki kaɗan, sai fuskar kwamfutar ta daskare, hanya ta yanke, kuma ba za ta dawo ba sai washegari. Jirgi ya tashi da kwalaye a cakuɗe. Kasuwa ta zagayo, aka sake haka. Wani mai kemis ya tsallako takanas ya tsaya a ƙofar kanti yana faɗa, ya ce ga zazzaɓi ya cika tungarsu, an aiko masa da maganin tari.

Alhaji Maliki ya kira Baba Bilya.

"Bilya, ka gwada da sahe ko ba ka gwada ba?"

"Na gwada, Alhaji."

"Ta yi?"

"Ta yi."

"To ka gani. Barci yarinyar ga taka yi, ta ɗora wa na'ura laihi. Kai da kaka shiga ko'ina, shiga tata a ɓoye ka gano min ko tana buɗe ta ma."

"Alhaji, ɗakin mai jego na. In kai ka je Warra, za ka ɗaga labule ba sallama?"

"Wannan daban."

"A wurina ɗaya na. In ba ta amsa ba, ba ni shiga. Amma ba ni kwana kaɗan, zan kawo maka gaskiyar abin."

Alhaji ya ce ya ba shi zuwa kasuwa mai zuwa. Ya kuma ƙara da abin da ya sa Khadijat kuka da ta ji: ya riga ya gaya wa wani amininsa cewa ɗan aminin, Auwalu, ya shirya, akwai kujera da za ta yi fili.

Baba Bilya ya fara da ɓangaren Warra, domin can ne sabis ya fi rauni. Ya sa Inna Asibi ta sauke ƙwarya daga rumbu ta mayar reshen darbejiya. Ta mayar, tana mita.

"Bilya, na yi jegon 'ya'ya bakwai, ban taɓa hawan icce saboda ko ɗaya ba."

"Wannan jikan gata na, Inna."

"Gatan uwarsa dai."

Bai yi magani ba. Ya duba data, akwai. Ya sa Khadijat ta buɗe wasu shafuka a daidai lokacin da hanya ta yanke, suka buɗe. Ke nan Warra ba ta da laifi. Ya kira kantin da yamma ya tambayi fitilun rauta, aka ce duk suna ci. Ya tambaya ko wuta tana ɗaukewa, aka ce ai sola ce. Ya tambaya ko wani yana taɓa akwatin, kowa ya rantse bai taɓa ba, kuma kowa gaskiya ya faɗa.

Sai ya gano abu ɗaya. Rauta tana ba kowace na'ura lamba, kamar lambar gida, wadda da ita ake samun ta. Da safe kwamfutar kantin ce ke fara tashi, sai ta karɓi lambar da Khadijat ta sani. Da yamma kuwa wata lamba daban take ɗauke da ita, tsohuwar ta koma kan wayar wani ma'aikaci. Khadijat tana ta ƙwanƙwasa gidan da mai shi ya tashi. Gyaran wannan ba wuya, sai a ɗaure wa kwamfutar lambarta ta dindindin. Wani da nan zai tsaya ya ce ya gama. Shi kuwa abin da ya hana shi sukuni shi ne, rauta irin wannan ba ta sake rabon lamba sai in ta mutu ta farfaɗo. Me ke kashe ta kullum da tsakar rana, ba wanda ya gani?

Washegari ya rufe shagonsa, ya hau babur.

"A'a, mai gyara daga nesa, yau kusa anka zo?" in ji Alhaji Maliki. "Ko aljanun naka sun yi yaji?"

"Sun tahi kasuwa, Alhaji. Ba ni kujera."

Ya ɗauki kujera ya shige ɗakin ajiya na baya, inda firjin magani da rauta suke, ya zauna a tsakanin kwalaye yana kallon fitilu. Ɗakin yana da ƙaramar taga da ke fuskantar masallacin layin. Ya zauna har zufa ta jiƙa masa riga. Rana ta take. Sai ga hannu ya shigo ta taga, hannun tsoho, riƙe da kan wata doguwar waya. Hannun ya lalubi bango kamar wanda ya saba, ya zare filogin rauta, ya soka nasa. Fitilu suka mutu. Jim kaɗan lasifika ta buɗe, muryar Malam Dudu, ladanin masallacin, ta tashi da kiran azahar.

A gaban kanti kowa ya ajiye waya ya nufi buta. Alhaji ya leƙo yana naɗe hannun riga.

"Bilya, tsare muna kanti."

"Tahi, Alhaji, ka sa ni cikin addu'a."

Wayarsa ta yi ƙara. Khadijat ce, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ta yanke."

"Na gani, ɗiyata. Bari a gama kira."

A cikin waɗanda abin ya shafa mutum biyu ne kaɗai ba sa tashi in an kira salla: mai jego a Warra, wadda aka ɗauke wa salla har ta yi tsarki, da Kirista a Yelwa. Ita ce ke jin yankewar, shi ne zai iya ganin ta. Sauran duk suna sahu a lokacin. Kafin su dawo su ɗauki wayoyinsu, hannun nan ya riga ya mayar da filogi, fitilu sun dawo, wayoyin kuma sun rigayi kwamfutar wawashe lambobi.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bai taɓa wayar ladan ba. Ya zauna da fitilu a mace har aka yi sallama. Da hannun ya dawo, sai ya leƙa ta taga ya gaishe shi.

"Barka da rana, Malam."

Malam Dudu ya firgita kaɗan. "Bilya? Mi kaka yi cikin kwalaye?"

"Gadi. Malam, wayar ga taka kullum sai ka jawo ta har nan?"

"Tun da batirin masallaci ya mutu. Alhaji da bakinsa ya ce in ja wuta daga kantinsa."

"Allah shi saka mashi. Amma mi ya sa wannan kaka cirewa, ba wancan ba?"

"Haba, Bilya, ni yaro na? Wancan firjin magani na, in na cire shi na cuci marasa lahiya. Wannan ɗan mai ƙahoni kuwa, ba shi sanyi, ba shi waƙa, sai ƙifta ido. Na ce ado na."

Baba Bilya ya so ya bar zancen a nan, ya ce kawai zai ja masa wayar kansa don ya huta da miƙa hannu. Amma tsohon ya lura da fuskarsa, ya tsare shi da tambaya har ya ji komai. Ya dafa bango.

"Ashe ɗiyar mutane za ta rasa aikinta saboda kiran sallata?"

"A'a, Malam. Kiranka ba shi da laihi. Soket ɗaya munka bar wa abu biyu, laihinmu na."

A yammacin ranar mutanen layin suka ga abin da har yanzu suke maimaitawa: Benjamin Illo, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, a kan tsani, ƙusoshi a baki, yana bin bango da sabuwar waya daga sola har cikin masallaci. Ya cire takalmi a ƙofa, ya kafa wa ladan soket nasa na kansa daidai inda hannunsa zai kai ba tare da ya sunkuya ba. Malam Dudu yana ƙasa yana riƙe masa tsani, yana ta ce masa ya yi a hankali. Sannan Baba Bilya ya koma ɗakin ajiya ya ɗaure wa kwamfutar lambarta.

Da aka yi wa Alhaji Maliki bayani, ya daɗe yana shafa gemu. Shi ya ba da izinin, bai kuma tambayi wane soket ba. Amma magana ta riga ta fita zuwa gidan amini, kuma janye ta ba abu ne mai sauƙi ba ga mutum irinsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mu ga ranar kasuwa." Khadijat ta ce kwanakin nan ko kunun kanwa ba ta ji ɗanɗanonsa ba.

Ranar kasuwar ce kuma aka sa don yi wa Baba Bilya ban kwana, domin ya daɗe da sanar da cewa idanunsa sun gaji, zai koma gonarsa ta shinkafa, ya bar shago a hannun Fauziyya da Umaru da ya koya wa aiki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar kantin Alhaji, ga soyayyen kifi, ga zoɓo mai sanyi. Malam Sani ya zo daga Shanga. Rahila ta zauna kusa da mijinta cikin sabon zane. Auwalu ma yana nan a gefe, da sabon ɗinki, ya rasa inda zai sa idonsa. Kwalaye an jere su, mai jirgi ya aiko sau biyu, takardu kuwa shiru. Alhaji yana sauraron masu jawabi da kunne ɗaya, idonsa yana kan firinta.

Lasifika ta buɗe. Malam Dudu ya ɗaga murya da kiran azahar. A cikin kiran nan, daga cikin kanti, sai firinta ta yi tari, ta ja takarda, ta fara tofowa, ɗaya tana bin ɗaya. Ba wanda ya yi magana saboda ana kira, amma na ga kafaɗun mutane suna rawa da dariyar da suka danne, ni kuwa idona ya cika da ƙwalla. Aka tashi alwala. Aka bar Baba Bilya da Rahila a kan tabarma, yana tattara takardun da ɗuminsu, tana jera masa su a kan kwalaye.

A wannan zama nake so in tsayar da kai, Baba, in gaya maka abin da ba ka bari aka gaya maka a taro ba. Kai ne ka rage wa tafkin nan faɗi ba tare da ka taɓa ruwansa ba. Kai ne aka ba mabuɗan ofisoshi da ɗakunan mutane, ka riƙe su shekara da shekaru, ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinka ba. An zargi yarinya da lalaci, ba ka yarda ba, ba ka kuma yi musu ba, ka je ka zauna cikin zafi har gaskiya ta miƙo hannu ta taga. Da ta zo kuma, ba ka kunyata tsoho ba, ba ka kunyata mai kanti ba. Mai haƙurin bin waya har inda ta tsinke. Mun gode. Masu kemis na tungaye sun gode, ko da ba su san fuskarka ba. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya sa shinkafarka ta yi albarka, ya bar ka da Rahila.

Ku kuma samari da 'yan mata da ke koyon wannan aiki a Yauri da Ngaski da Shanga, danna maɓalli kowa zai koya muku. Ku je gonarsa ku koyi sauran. Ku nemi izini kafin ku shiga kwamfutar mutum. In gyara ya yi amma ba ku san abin da ya ɓata ba, ba ku gama ba. Kuma in an ce laifin mutum ne, ku fara duba bango.

Aka idar da salla, aka dawo. Alhaji Maliki bai zauna ba. Ya ɗauki takardun ya duba su ɗaya-ɗaya, ya leƙa kwali biyu, ya ce a loda. Sannan ya ciro waya ya kira Warra, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Inna Asibi ce ta ɗauka.

"Wa ka magana?"

"Maliki na, Inna. Ina mai jego?"

"Tana shayarwa. In korar ta za ka yi, hwaɗa mani, ni na haihe ta."

Mutane suka yi dariya. Alhaji ya bari dariyar ta lafa, ya dubi Auwalu, ya dubi Malam Dudu, ya gyara tsayuwa.

"To ki ji, Inna, kuma kowa nan shi zama shaida. Auwalu zai bi jirgi da kaya daga yau, wannan aikin nashi na. Khadijat kuwa ta zauna ɗakinki ta cika arba'in ɗinta, in kin ga ta ƙara, ta ƙara. Kujerarta ba mai hawa. Duk macen da ta haihu a kantin ga nan gaba, haka za a yi mata."